Manhajar Kula da Bakwaini: Da Wane Harshe Za Ta Yi wa Uwa Magana?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin cikinsu ya cika mako 37, kuma Nijeriya ce ta uku wajen yawansu, bayan Indiya da Pakistan. Su ne Bahaushe yake kira bakwaini. Ranar da aka fito da bakwaini daga kwalba aka sallami uwarsa, kowa murna yake yi, alhali kuwa daga ranar ce nauyin ya koma kanta.

Shi ya sa nake goyon bayan manhajojin wayar salula da ake ƙirƙira domin bibiyar irin waɗannan jarirai. Manhaja tana iya tuna wa mai jego ranar awo da rigakafi, ta kuma gargaɗe ta idan jikin jariri ya yi sanyi, ko ya ƙi kama nono, ko idonsa ya nuna shawara. Tana iya yi mata lissafi: yaron da aka haifa a mako 32, in ya cika wata 6, a ɗauke shi ɗan wata 4 ne wajen zama da rarrafe. Uwar da ta san haka ba za ta tayar da hankalinta ba don ɗan maƙwabciya ya riga nata zama.

To amma 'yan uwana ɗalibai, ga inda gizo ke saƙar. Akwai dabarar kangaru da aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, wato uwa ta ɗora jariri a ƙirjinta, fata ta taɓa fata, domin ya sami ɗumi. Idan mai fassara ya yi garaje ya rubuta "goyo", uwa za ta saɓa shi a baya ne, a kan riga, ta ɗaure da zane. Ta bi umarni kam, amma ɗumin da ake nema bai samu ba. Wannan kuskuren namu ne, mu masu nazarin harshe, ba na likita ba.

Sannan ba kowace uwa ce take iya karatun boko ba, wata ma wayar ta maigida ce. Don haka ni a ganina saƙon murya ya fi rubutu, kuma a gwada shi a kan iyaye mata da ungozomomi tukuna, a ji abin da suka fahimta. Gwajin ido da na kunne kuwa, waya ba ta yin su. Sai an koma asibiti.