Ƙafar Tana Kalgo, Filin Tseren Ne Babu

Duk wanda ya yi sammako a hanyar Kalgo zuwa Birnin Kebbi ya san wannan yaron. Buhun shinkafa ɗaure a bayan keke, kaca tana kuka don rashin mai, silifas a kan feda, amma ba ya sauka ya tura. Mutane dai suna ganin ɗan aike. Da mai horar da 'yan tsere zai gan shi, da ya tambayi gidansu.

Da irin wannan aike Fausto Coppi ya fara a Italiya. Yana ɗan shekara 13 yake kai wa wani mai sayar da nama saƙo a kan keke a garin Novi Ligure. A 1940, yana da shekara 20, ya cinye Giro d'Italia, tseren da ake zagaya ƙasar cikin mako uku. Sau biyar ya ɗauki wannan kambi, ya haɗa da na Faransa sau biyu. Ajalinsa ma daga nan maƙwabta ya samo sanadi: ya zo tsere Wagadugu a Disambar 1959, ya koma gida da zazzabin cizon sauro, ya mutu ranar 2 ga Janairun 1960.

Coppi bai fi yaran Kalgo da Gwandu ƙashi ba. Ƙananan tsere na ƙauyuka ya tarar, a nan aka ga kamun ludayinsa.

Masu cewa wasan Turawa ne su dubi Eritiriya, wadda ta gaji keke daga mulkin Italiya. Ɗanta Biniam Girmay ya ci zango ɗaya a Giro a 2022, ya ci uku a tseren Faransa a 2024. A shekarar kuwa, 'yar Najeriya Ese Ukpeseraye sai da ta ari keke wurin Jamusawa a gasar Olamfik ta Faris. Abin da ciwo.

Jihar da ke da bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934 kuma yake tara duniya, ba za ta kasa shirya tseren keke ba. Ƙaramar hukumar Kalgo ta haɗa kai da jami'ar tarayya da ke ƙasarta, su ware Asabar ɗaya cikin hunturu. A tare hanya na awa biyu, a tanadi ruwan sha da ma'aikatan lafiya, a kira masu faci su tsaya a gefe. Wanda ya zo na ɗaya a ba shi sabon keken tsere, baɗi kuma a miƙa hanyar har Gwandu.