Sauya Injin Tsohuwar Mota: A Fara da Lissafi Kafin a Ɗauki Sifana

Da yawa daga cikin ƙananan motocin da ke jigilar mutane tsakanin garuruwanmu sun girmi direbobinsu. Golf 3, alal misali, kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da ita ne a shekarar 1991, amma har yau ita ke ɗaukar malami zuwa makarantar ƙauye, ta kai mai naƙuda asibiti. Kaɗan ne daga cikinsu ke tafiya da injin da aka ƙera su da shi. Idan inji ya gaji, ya fara shan baƙin mai yana fitar da hayaƙi, sai a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a sayo wani da aka ciro daga mota a Turai, bakanike ya ɗora.

A ra'ayina wannan al'ada abin yabo ce. Gangar jikin mota takan fi injinta tsawon rai, musamman a ƙasarmu mai ƙarancin danshi, inda tsatsa ba ta saurin cin ƙarfe. Jefar da mota dungurungum saboda inji ya mutu almubazzaranci ne. Inda nake da ja shi ne tunanin cewa tunda za a sauya, gara a sa babba. Mota tsari ɗaya ce wadda aka auna kowane sashenta da ɗan'uwansa, kuma wanda ya taɓa inji ya taɓa giya da lagireto da birki, ko ya sani ko bai sani ba.

Mu dubi Golf 3 ɗin. An yi ta da inji mai lita 1.4 da ƙarfin doki 60, da mai lita 1.8 da ƙarfin doki 75 ko 90, da kuma samfurin GTI mai lita 2.0 da ƙarfin doki 115. A ido duk jiki ɗaya ne. Amma masu ƙirar sun ba GTI birkin faifai a tayoyi huɗu, alhali ƙaramar birkin ganga ne a bayanta. Ko akwatin giyar mai lita 1.4 ba ya haɗuwa da injin 1.8, domin ramukan kusoshinsu sun bambanta. Wannan bambanci sakamakon lissafi ne, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba.

Na farko, giya. Aikinta shi ne rage saurin juyawar inji domin ƙara ƙarfin murɗa taya. Kewayen tayar irin wannan mota kimanin mita 1.8 ne. A gudun kilomita 90 cikin awa, mota tana cin mita 1,500 a minti ɗaya, wato taya tana juyawa kusan sau 830. Idan inji yana juyawa sau 3,000 a wannan minti, to duk juyi ɗaya na taya ya ci wa inji juyi uku da rabi da 'yan kai. Injin dizal ba ya kai saurin juyawar injin fetur, saboda haka an yi masa giyar da ta dace da shi. In aka haɗa injin dizal da giyar fetur, sai ya riƙa kururuwa a babban titi yana shan mai. In aka yi akasin haka, sai mota ta yi nauyin tashi, kuloci ya riƙa ƙonewa a kan tudu.

Na biyu, zafi. Injin fetur ba ya mayar da ko rabin makamashin da ke cikin mai ya zama motsi. Kusan kashi ɗaya cikin uku yana fita ta salansa, kusan wani kashi ɗaya kuma ruwan lagireto ne ke kwashe shi. Injin da ƙarfinsa ya kusan ninka na da, zafin da yake fitarwa idan an matsa masa shi ma ya kusan ninkawa. A bar masa ƙaramin lagireto a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri kan haura digiri 40, ba da jimawa ba ruwa zai tafasa, gasket ya ƙone, kuɗin da aka kashe su bi iska.

Na uku, wanda ya shafi rai, shi ne birki. Makamashin abu mai motsi yana ƙaruwa ne da saurin da aka ninka da kansa. Motar da ta tashi daga gudun kilomita 80 zuwa 120 ta ƙara rabi ne kawai a sauri, amma makamashinta ya zama ninki 2.25. A kan busasshiyar kwalta da birki mai kyau, mai gudun 80 na bukatar kimanin mita 35 kafin ta tsaya cak, mai gudun 120 kuwa kusan mita 80. Duk wannan makamashi birki ne zai mayar da shi zafi, kuma in ya yi zafi fiye da kima sai ya daina kamawa. A ƙara da lodin fasinja da buhunan hatsi a bayan mota. Babban inji yana ba direba gudun da ƙaramin birki ba zai iya karɓa daga hannunsa ba.

Direban haya zai ce ƙaramin inji ba ya jan kaya, kuma injin da ake wahalarwa ya fi saurin mutuwa. Maganarsa tana kan hanya. Amsar ita ce, wanda zai hau mataki ya hau gaba ɗaya: inji da giyarsa da kulocinsa, lagireto da fankarsa, birki, wayoyi da na'urar da ke sarrafa feshin mai, duk daga samfuri guda. In aljihu bai kai ba, a maido irin injin da aka cire. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a 2023, ƙaramin inji mai lafiya ya ƙara daraja. Kuma kada a manta, lambar inji tana cikin takardun mota, sai a je ofishin lasisi a gyara.

Ina kira ga malaman kimiyya da su ɗauki garejin unguwa a matsayin ɗakin gwaji. A kai ɗalibai su ƙirga haƙoran giya, su auna kewayen taya da igiya, su yi lissafin nan da hannunsu. Kanikawanmu suna da basirar hannu da kunnen da ke gane ciwon inji daga ƙararsa, ɗalibi kuma yana da alƙalami. Ranar da ɗan bakanike ya dawo daga makaranta ya tambayi mahaifinsa ko birkin nan zai iya tsayar da injin nan, ranar ce darasin kimiyya ya fara ceton rai a kan hanya.