Kamfama a Duwatsun Adar: Wane Baƙo Ake Jira?

Shekaru da dama ke nan ƙafar Turawa masu yawon buɗe ido ta ɗauke daga Jamhuriyar Nijar. Tawayen da ya tashi a arewa cikin 2007 ya rufe musu hanyar Agadas da duwatsun Ayar. Satar mutane a Arlit cikin 2010 ta ƙara tsorata su, kisan da aka yi a Kure cikin watan Agusta na 2020 kuma ya sa Faransa ta gargaɗi ƴan ƙasarta su guji ko'ina in ban da Yamai. Ganin haka, mutane da yawa sun ɗauka cewa zancen gina masaukin baƙi a karkara ya zama ɓata baki. Amma wanda ya dubi halin da ake ciki a Madawa da Buza da Keita, cikin jahar Tawa, zai ga baƙo bai taɓa yankewa ba a wannan yanki. Wurin kwana ne ya yi masa ƙaranci.

Ƙasar Adar ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka. Tsaunukanta masu shimfiɗaɗɗen kai ne, jan dutse da baƙi, a ƙarƙashinsu kuma ga fadamu masu albarka. Babu kogin da ke gudana duk shekara. Majiya tana kawo ruwa ne da damina, ta ratsa ƙasar Buza, ta gangara wajen Ƙwanni har ta ƙetara Najeriya. Fadamar Tarka ta wajen Madawa kuwa, da rani ake ganin amfaninta, sa'ad da albasa ta rufe ƙasa.

Ba sabon abu ba ne ɗakin saukar matafiyi a wannan ƙasa. Zamanin mulkin Faransa an gina kamfama a manyan garuruwa domin kwamanda da ma'aikatansa in sun fito rangadi. Talakawa ne ke kwaɓa ƙasar ginin, su ne kuma ke kawo itace da ruwa da kaji, ba tare da an biya su ko dala ba, har aka soke aikin tilas cikin 1946. Bayan samun ƴancin kai cikin 1960, kamfama ta zauna a hannun hukuma, ta ci gaba da zama ɗakin manya. Shi ya sa har yau mutumin ƙauye bai ɗauke ta tasa ba, abin da ba na kowa ba kuwa shi ne rufinsa ke fara yoyo.

To su wane ne baƙin yau? Akwai fataken albasa da ke zuwa daga Gana da Kodebuwa da Benin da Togo, su yi kwanaki suna jiran lodi. Akwai malaman gona da na dabbobi, da ma'aikatan likita masu yawon rigakafi, da malaman makaranta da aka kira taro. Akwai ɗalibai masu nazarin ƙasa da ruwa, da ƴan cin rani da suka dawo da abokan sana'arsu daga bakin teku. Mafi yawansu a gidan ɗan'uwa ko na mai gari suke sauka, ko kuwa a tasha bisa tabarma. Karamcin mutanen Adar sananne ne, amma an ce baƙo raɓa ne, in ya wuce kwana uku kuwa a shekarar da rumbu bai cika ba, mai gida ne ke jin jiki ko da bai faɗa ba.

Abin gani ma akwai shi, kuma aikin hannun talakawa ne. Cikin 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatar gandun daji suka soma dasa jerin dogon yaro a kwarin Majiya domin kare gonaki daga iska, layi biyu-biyu, tsakanin jeri da jeri kimanin mita 100. Cikin 1984 kuma aka buɗe furojen Keita da kuɗin Italiya, tare da hukumar FAO da hukumar abinci ta duniya. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki dutse a ka mata ne, domin maza sun tafi cin rani. Zuwa 2002 an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an kuma farfaɗo da fako fiye da hekta 30.000. Manomin Damagaram ko na Doso da ya kwana biyu a gindin waɗannan tsaunuka, ya ga yadda aka tare ruwa da jerin duwatsu da ramuka, ya je madatsar Ibohaman, zai koma gida da ilimin da ba a samu a takarda. Irin wannan yawon ya fi amfanin ƙasa bisa ga na mai ɗaukar hoto.

Saura yadda za a yi ginin. A ƙasashen Turai da Amurka, ɗakunan hutu na bakin kogi da katako ake yin su, domin daji gare su. A Adar kuwa, sare itace domin rufin ɗakin baƙo daidai yake da rushe aikin da mata suka yi shekara da shekaru. Tun wajen 1980 aka soma koya wa magina a Nijar gini marar itace, wanda ake rufe shi da tulluwar tubalin ƙasa kaɗai. Ɗaki ne mai sanyi da bazara, mai ɗumi da hunturu, kayan aikinsa kuma suna nan a ƙofar gari. Sharaɗinsa ɗaya ne, a sabunta yaɓe kafin kowace damina. Shimfiɗa ba sai an nemo daga nesa ba, tabarmin kaba na Madawa sun yi suna tun kaka da kakanni.

Wurin da za a kafa shi ma sai an yi hattara. Ido yana son bakin ƙorama saboda inuwa, amma ƙoramar Adar ba ta sallama. Ana iya yin ruwa a kan dutse da dare, kafin asuba ta cika ta batse a inda ko yayyafi ba a yi ba. Ambaliyar 2024, wadda ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin ƙasa, ta kuma shafi fiye da miliyan ɗaya, ta isa darasi. A hau tudu, a bar fadama ga manomi, a bar burtali da mashaya ga makiyayi. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, ya kamata kowane fili ya bi ta hannunsu, a rubuta, sarakuna su shaida, don kada masaukin baƙo ya zama sanadin shari'a tsakanin maƙwabta.

Babbar tambaya ita ce wa zai riƙe. Tun zaɓen 2004 aka ɗora wa kwaminoni nauyin raya garuruwansu, amma aljihunsu bai da zurfi. Hanya mafi sauƙi ita ce kwamin ta ba da fili ta yi gini, ta danƙa riƙo ga ƙungiyar mata ko ta matasa bisa yarjejeniya a rubuce. A kafa kuɗin kwana a ƙofa inda kowa zai gani, mai mota da mai jaki farashi ɗaya, a ware kason gyara tun daga ranar farko. A ajiye littafin sunayen masu sauka, jandarma su riƙa dubawa, domin zamanin yana bukatar haka. Ma'aikacin gwamnati kuma ya biya kamar kowa, tun da ana ba shi kuɗin tafiya. In aka bar ƙofar alfarma a buɗe, tsohuwar kamfama ce za ta dawo da sabon fenti.

Ɗaki huɗu ko biyar, da rijiya, da makewayi mai tsabta, da rumfar salla, ba su fi ƙarfin Tamaske ko Karofan ko Bangi ba. In Allah ya kawo kwanciyar hankali Turawa suka dawo, za su tarar da wuri a shirye. Kafin nan, farke da malami da ɗalibi suna kan hanya yau, su ne ya kamata a fara shimfiɗa wa tabarma.