Cukunmu ba abin raini ba ne

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akwai wata magana da ya kamata mu yi.

A manyan garuruwanmu akwai masu cewa cuku abincin ƴan daji ne. Sun fi son su shiga kanti su sayi na kwali wanda aka kawo daga Turai. In ka tambaye su dalili, sai su ce haka Faransawa suke ci. To, bari mu duba abin da Faransawan suke yi da nasu.

A Faransa, cuku yana ɗaukar sunan garin da aka yi shi. Akwai wanda ake kira Rokfor. Da madarar tumaki ake yin shi, a ajiye shi ya nuna cikin kogunan dutse na ƙauyen Rokfor, sai ya yi wata 3 ko fiye kafin a sayar. Tun shekarar 1925 doka ta hana wani ya sa ma cukunshi wannan suna in ba can ya nuna ba. Akwai kuma Kwante, na madarar shanu, daga duwatsun Jura. Guda ɗaya yakan kai kilo 40, yakan ci madara wajen lita 400, kuma ba a taɓa shi sai ya yi wata 4.

Suna haɗa cuku da giyar inabi. Mai ɗanɗanawa yakan dubi launinta, ya shinshina, ya kurɓa kaɗan, sau da yawa ya tofar. Rokfor yana da gishiri, don haka sukan haɗa shi da giya mai zaƙi ta Sotern. Cukun awaki na ƙauyen Shabinyol sukan ci shi da farar giyar Sanser, domin ƙasa ɗaya ta fid da su.

Mu Musulmi giya haramun ce gare mu, ba ruwanmu da ita. Abin lura shi ne, waɗannan mutane sun san darajar abin da ƙauyukansu suke yi. Makiyayinsu yana samun kuɗi domin sunan garinshi yana bisa kayanshi. Na kwalin nan kuwa da ake yi mana fankama da shi, narkakke ne na masana'anta, ba shi ne suke alfahari da shi ba.

Mu fa? Matan Buzaye da na Fulani, a ƙasar Tawa, Abalak da Dakwaro, suna daskarar da madara, su shimfiɗa ta fale-fale, su shanya. Cuku ya bushe, ya yi watanni bai lalace ba, ba tare da firji ba. Madarar damina ta zama guzurin rani. Muna cin shi da shayi mai zaƙi, muna daka shi cikin fura. Wane ne ya koya mana wannan haɗi? Kakanninmu.

Masu raini suna cewa akwai ƙura da ƙuda. Wani lokaci gaskiya ne. Amma maganin ƙura rufi ne. A wanke hannu da ƙwarya, a tace madara, a shanya bisa rumfa, a rufe da tsabtataccen ƙyalle.

Ku da kuka koyi karatu, ga aikinku. Ku haɗa kai, ku rubuta sunan garinku da ranar da aka yi cukun bisa takarda, ku sa cikin kowane ƙunshi. Ku riƙe lissafin madarar da ta shiga da kuɗin da ya fito, kada dillali ya yanka muku farashi yadda ya ga dama. Mai saye ya san cukun wane gari ne ya yi mishi daɗi, gobe ya neme shi da sunanshi.