Babban Baƙi Ba Rawani Ba Ne

A makon jiya wani tsohon ɗalibina ya kawo mini takardar neman aiki da ya rubuta da Ingilishi, ya roƙi in duba masa kafin ya miƙa. Yaro ne mai ƙwazo, ya kuma fita da sakamako mai kyau. Amma tun a layi na biyu na yi kiciɓis da "my Father", a na huɗu "a good University", can ƙasa kuma "all the Lecturers". Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Malam, ai girmamawa ce. Ina ni ina rubuta mahaifina da ƙaramin baƙi?"

Amsar ta burge ni ta fuskar tarbiyya. Ta fuskar nahawu kuwa kuskure ne, irin wanda kan sa mai tace takardu ya ture taka gefe tun bai kai ƙarshenta ba. A Ingilishi ba a naɗa wa kalma babban baƙi don darajar abin da take nufi. Aikinsa shi ne nuna farkon jimla da sunan yanka, wato sunan mutum ko gari ko ƙasa ko wata cibiya takamaimai, sai kuma ranakun mako da watanni da sunayen harsuna. Kalmar "university" suna ne gama-gari, sai ta shiga cikin suna kamar "University of Ibadan" sannan ta ɗauki babban baƙi. Haka "father": idan da ita kake kiran mahaifinka kai tsaye a madadin sunansa, ta cancanci babba, amma da zarar ka sa "my" a gabanta ta koma cikin talakawan kalmomi.

Don yi wa ɗalibin nawa adalci, Turawan ma sun taɓa yin yadda ya yi. Kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 cike yake da sunaye gama-gari masu babban baƙi, kuma har gobe Jamusanci na fara kowane suna da shi. Faransanci, wanda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ke karatu da shi, yana rubuta ranaku da watanni da ƙaramin baƙi. Ajaminmu bai ma san wannan bambanci ba. Al'adar rubutu ce kawai, amma da ita ake auna ka.

Inda takardar ta fi ciwo shi ne jam'i. A nan ba na karɓar kukan cewa Ingilishi na da wuya. Bahaushen da ya iya gida da gidaje, sarki da sarakuna, littafi da littattafai, ba tare da wani ya koya masa a aji ba, bai kamata "child" da "children" ko "foot" da "feet" su razana shi ba. Tarkon yana wani wuri dabam. Akwai abubuwan da Hausa ke ƙirgawa amma Ingilishi ba ya ƙirga su. Mu muna cewa shawarwari da bayanai da kayayyaki, sai hannu ya bi tunani ya rubuta "advices" da "informations" da "equipments". Ga Bature waɗannan kamar ruwa suke ko gari, ba a ce musu ɗaya, biyu, sai an kawo ma'auni. Shi ya sa yake cewa "two pieces of advice". Masu rubuta kundin digiri kuma su lura cewa "criteria" da "phenomena" jam'i ne tun daga Girkanci, tilonsu "criterion" da "phenomenon". Kusan kowace shekara sai na ja wa "this criteria" jan layi a kundin manyan ɗalibai.

Bayan kwana biyu yaron ya dawo da takardar, ya gyara komai tsaf. Da na nemi jimlar da ta ambaci mahaifinsa, sai na tarar ya cire ta ɗungurungum.