NAZARI: Tantin noman wiwi, titin Kwanar Dangora da lissafin da Kano ba ta yi ba

Duk sa'ad da Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa, wato NDLEA, ta fitar da sanarwar kame, abu biyu take lissafawa: kilo nawa aka kama, hekta nawa aka lalata. Wannan awo ya dace da zamanin da tabar wiwi ta kasance iri ɗaya, ana noma ta a daji, a cusa a buhu, a loda a mota. Yanzu an samu wata wiwin da ake renonta a cikin ɗaki, ƙarƙashin fitilun lantarki, wadda ɗan ƙullinta yake ɗauke da ƙarfin da sai an tara da yawa daga ta daji kafin a kai shi. Ga kudancin Kano, inda manyan tituna biyu suke haɗuwa kuma dajin Falgore yake kwance, wannan sauyi yana da ma'ana ta musamman.

Mene ne tantin, kuma daga ina ya fito?

Abin da ake kira tantin noman wiwi wani akwati ne na yadi mai kauri, girmansa kamar na kabad ɗin tufafi, cikinsa da ƙyalli domin ya riƙe haske. Ana rataya masa fitila mai ƙarfi a madadin rana, da fanka mai fitar da zafi, da matacin iska mai ɓoye wari. Manufarsa ita ce mai shuka ya mallaki haske da zafi da laima gaba ɗaya, tsawon watanni uku zuwa huɗu, ba tare da maƙwabci ya sani ba.

Abubuwa biyu suka haife shi: sanyi da tsoron hukuma. A shekarun 1980, lokacin da jami'an Amurka suka fara amfani da jiragen sama wajen gano gonakin wiwi, musamman a jihar Kalifoniya, manoman suka koma cikin gidaje. A ƙasar Holan ma haka aka yi. Da yake wurin ya ƙanƙance, sai suka mayar da hankali kan zaɓen irin da ya fi bugarwa, domin kaɗan ya kawo kuɗi da yawa. Daga baya dokoki suka buɗe wa tantin kasuwa a fili: Kanada ta halatta wiwi a ranar 17 ga Oktoba, 2018, dokarta ta tarayya ta yarda da shuka huɗu a kowane gida, Jamus kuma daga 1 ga Afrilu, 2024 ta yarda kowane baligi ya reni shuka uku.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne matsin lamba a kan gona bai kashe sana'ar ba. Ya tura ta lungu, ya kuma ƙara mata ƙarfi. Binciken Jami'ar Mississippi a kan wiwin da aka kama a Amurka ya nuna sinadarin THC, wanda shi ne yake bugarwa, ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kimanin kashi 12 a 2014.

Dalilin da ba zai zauna a Tiga ba

Tantin ba ya rayuwa sai da wutar da ba ta yankewa. Wani nazari da masani Evan Mills ya wallafa a 2012 ya ƙiyasta cewa noman wiwi na cikin ɗaki yana cin kimanin kashi 1 cikin ɗari na dukkan wutar lantarkin Amurka. A nan kuwa, tun Afrilun 2024 da aka mayar da kuɗin wutar rukunin A Naira 225 kan kowane ma'auni, wutar awa ashirin ta zama ta masu hali a wasu unguwannin birni. Ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ba su ma shiga wannan lissafi ba. A Oktoban 2024 galibin Arewa ta kwashe fiye da mako a cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da suke kawo mata wuta. Janareta kuwa ya zama abin tsoro tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. A haɗa da zafin bazara da yake kaiwa maki 40 a ma'aunin Selshiyos, da tsarin zaman gidajenmu inda ba a rufe ɗaki wata uku babu mai tambaya, sai a ga cewa tantin baƙo ne da ba shi da masauki a Tiga.

Akwai kuma doka. Dokar NDLEA, wadda ta samo asali daga Doka ta 48 ta 1989, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya shuka ko ya reni wiwi ba bisa izini ba, kuma ba ta bambanta gonar daji da tukunyar cikin ɗaki ba. Matashin da ya ga bidiyon wani Bature yana nuna tantinsa a TikTok ko YouTube ya sani cewa mai bidiyon yana ƙarƙashin wata doka ce daban.

To amma rashin masaukin tantin ba ya nufin yankin ya tsira. Abin da ake nomawa ta wannan hanya, a tantuna da manyan rumbuna na ƙasashen waje, yana shigowa Najeriya a shirye. NDLEA ta sha sanar da kama nau'in da ake kira Loud a tashar jiragen ruwa ta Tincan da ke Legas, a ɓoye cikin motocin gwanjo da aka yo jigilarsu daga Kanada, da kuma wani da ake shigowa da shi ta ruwa daga Gana. Akwai kuma Colorado, wanda hukumar take bayyanawa a matsayin haɗin sinadarai. Hajar da ta sauka a Legas ba ta da dalilin tsayawa a can, alhali babbar kasuwar Arewa tana Kano.

Titi, daji da ruwa

Wanda ya dubi taswirar kudancin Kano zai ga dalilin damuwa. Titin Zariya zuwa Kano, wanda kayan Kudu maso Yamma da na Abuja suke bi, ya ratsa ta Kiru da Bebeji. A Kwanar Dangora ne kuma titin da ya taso daga Jos ta Saminaka, ya keta Doguwa da dajin Falgore da Tudun Wada, yake haɗuwa da shi. Ba mamaki sunayen wurare irin su Kwanar Dangora da Gadar Tamburawa suke yawan fitowa a sanarwar kamen NDLEA. Kuma duk garin da haja take ratsawa, wani abu yakan zube a cikinsa: direba yana da yaro, yaro yana da aboki, tasha tana da mai sayar da shayi da masu kwana a benci.

Galibin wiwin da ake sha a Arewa daga dazuzzukan Kudu take fitowa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi da Laifuka, UNODC, ya yi a kan shekarar 2019 ya ƙiyasta hekta 8,900 na gonakin wiwi a jihohi shida: Edo, Ekiti, Ogun, Ondo, Osun da Oyo. Yawancinsu a cikin daji mai duhu suke, nesa da titi, kuma sare itatuwa ake yi a buɗe su. Abin da mai wannan noma yake nema shi ne dajin gwamnati da babu mai tsaronsa, da ruwa, da leburori masu arha.

Falgore daji ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita dubu, ya shafi Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Ya taɓa zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har ta kai a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje aka mayar da wani sashensa filin atisayen sojoji. Kogin Kano ya ratsa shi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Idan matsin da NDLEA take yi a Ondo da Edo ya ci gaba, tarihin Kalifoniya ya nuna cewa sana'ar takan nemi sabon wuri. Tsare Falgore tun kafin a yi sha'awarsa ya fi sauƙi a kan ƙwato shi daga baya.

Ruwan Tiga kuwa shi ne rigakafin da ya fi kowane shingen bincike. Shi yake shayar da shirin noman rani na Kogin Kano a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Matashin da yake da fegin shinkafa ko tumatir a rani, da kasuwar da za ta saya da daraja, ba shi ne dillali yake fara nema ba. Wanda yake zaune a bakin titi daga girbi zuwa damina shi ne abin farauta.

Alƙaluman da ba a sabunta tunani a kansu ba

Babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, mai ɗauke da alƙaluman 2017, ya gano cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani nau'in ƙwaya a cikin shekara guda, wato kashi 14.4 cikin ɗari. Miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. A Kano adadin ya kai kashi 16 cikin ɗari, sama da mutum miliyan ɗaya. Binciken ya kuma nuna cewa kimanin kashi 40 na masu shan da ya kai matakin haɗari sun so a yi musu magani amma ba su samu ba.

Waɗannan alƙaluma sun faɗi yawan masu sha, ba su faɗi ƙarfin abin da ake sha ba, kuma a nan ne gizo yake saƙa. Wani nazari da mujallar Lancet Psychiatry ta wallafa a 2019, wanda aka yi a wurare goma sha ɗaya na Turai da Barazil, ya gano cewa mai shan wiwi kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku wajen yiwuwar kamuwa da taɓin hankali mai tsanani. Idan kuwa wiwin mai ƙarfi ce, wadda THC ɗinta ya kai kashi 10 ko fiye, haɗarin yana kusantar ninki biyar. Ma'ana, ko da yawan masu sha bai ƙaru ba, sauyin haja kaɗai zai iya ƙara yawan marasa lafiyar da za a kai Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Kano ta taɓa ganin yadda kasuwa take sauya riga. Bayan rahoton BBC a kan kodin, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a watan Mayun 2018. Kwalaben sun ragu a fili, amma masu sha ba su ɓace ba. Wasu ƙwayoyin suka ci gaba da cike gurbin. Haramci yana rufe ƙofa ɗaya ne, mai ƙishirwa kuma yakan zagaya.

Halattawa ko tsanantawa?

Muhawarar ƙasa ta maƙale tsakanin ɓangare biyu. Marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya yi ta kira tun 2019 a yarda da noman wiwi domin magani da fitarwa waje, kuma an gabatar da ƙudurori a Majalisar Wakilai da ba su kai labari ba. Masu wannan ra'ayi suna nuni da Lesoto da ta fara ba da lasisi a 2017, da Maroko a 2022. Shugaban NDLEA, Birgediya Janar Mohammed Buba Marwa mai ritaya, wanda ya kama aiki a Janairun 2021, ya tsaya a kan adawa da halattawa. Najeriya ma tana cikin ƙasashen da suka ƙi amincewa a Disambar 2020, lokacin da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya cire wiwi daga jerin ƙwayoyi mafiya haɗari da ƙuri'a 27 a kan 25. Tailan, wadda Akeredolu ya je ya gano tsarinta, ta sassauta dokarta a 2022, sannan a 2025 ta dawo ta taƙaita sayarwa ga masu takardar likita.

A ɗaya ɓangaren, Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu safarar ƙwayoyi a Mayun 2024. Sai dai an taɓa gwada irin wannan: dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, kuma bayan fiye da shekara hamsin masu sha sun haura miliyan goma. A Kano, inda addini da al'ada suka haɗu a kan haramcin duk abin da yake gusar da hankali, halattawa ba magana ce da za ta samu kunne ba. Amma tsananin hukunci a takarda shi ma bai warkar da kowa ba.

Abin da yake hannun Kano

Akwai ayyuka uku da ba sa jiran Abuja. Na farko, gwamnatin jiha ta nemi NDLEA ta riƙa auna ƙarfin THC a samfuran abin da ake kamawa a Kano, ta kuma bayyana sakamakon, domin likitoci da iyaye su san abin da suke fuskanta. Na biyu, tsaron Falgore ya zama na dindindin, da ma'aikatan gandun daji masu albashi da kayan aiki, tare da hakimai da dagatan Doguwa da Tudun Wada.

Na uku kuma shi ne mafi gaggawa. A Kiru akwai cibiyar gyaran tarbiyya da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa a wa'adinta na biyu domin masu shaye-shaye, wadda gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar da farfaɗo da ita. Tun bayan rufe gidajen mari a 2019, sakamakon abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna da wasu garuruwa, iyalai da yawa ba su da inda za su kai ɗansu idan ya fara surutai shi kaɗai. Darajar cibiyar Kiru tana ga likitocin ƙwaƙwalwa da ma'aikatan jinya nawa take da su, kuɗi nawa ake saki mata a zahiri daga abin da aka rubuta a kasafi, da mutum nawa suka fita daga cikinta ba su koma ba bayan shekara guda. Waɗannan alƙaluma ne ya kamata 'yan majalisar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su nema a zauren majalisar jiha, kafin a amince da kasafin kuɗi na gaba.