AC ɗin motarka yana yi yana ɗaukewa? Kar ka bari a ce maka "gas ne" kawai

1/ Jama'a, akwai kalmar da ke cinye kuɗin masu mota duk lokacin zafi: gas. AC ya yi sanyi minti goma, ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Ka kai wa mai gyara, tun bai buɗe bonet ba ya ce "Oga, gas ne ya yi ƙasa." Wannan canki-canka ce, kuma da kuɗinka ake yin ta. Ku biyo ni.

2/ Mu fara da abin da ba a faɗa mana. Gas ɗin AC ba fetur ba ne, mota ba ta ƙona shi. A rufe yake cikin bututai yana zagaye: kwamfireso ya matsa shi, kondensa ta gaban lagireto ta fitar da zafinsa, ya shiga ibaforeta da ke bayan dashbod ya sanyaya iska, ya koma. Idan ya ragu da yawa cikin 'yan watanni, to yoyo yake yi a wani wuri.

3/ Saboda haka duk wanda ya ɗura maka gas bai nemo inda yake zuba ba, ya sayar maka da ruwa ne a kwando. Bayan sati uku za ka dawo, ya ƙara, ka biya. Wai har akwai masu cewa "ai duk shekara ake ƙara gas". Wa ya kafa wannan dokar? Firjin gidanku sau nawa aka ƙara masa gas tun da aka saye shi?

4/ Kar a ce na yi son kai: ƙarancin gas yana iya sa AC ya riƙa ɗaukewa. Akwai makunnin da ke lura da matsin gas, idan ya yi ƙasa sosai sai ya kashe kwamfireso don kar ya lalace. Amma wannan dalili ɗaya ne cikin dalilai da yawa, kuma geji ne ke tabbatar da shi, ba taɓa bututu da bayan hannu ba.

5/ Abin da ya fi komai amfani kai ne kake riƙe da shi: yaushe yake ɗaukewa? A tsaye ko a tafe? Da safe ko da rana tsaka? Iskar ta rage ƙarfi, ko tana fitowa da ƙarfinta amma da ɗumi? Duk mai gyaran da bai yi maka waɗannan tambayoyin ba, bai fara aiki ba tukuna.

6/ Alama ta farko: a kan babban titi sanyi kamar firji, da ka shiga cunkoso ko ka tsaya a danja sai ɗumi. Zargi na farko fankar kondensa ce. Kana gudu iska na bugun kondensa da kanta, da ka tsaya sai fanka. Idan fankar ta mutu ko ta yi rauni, matsi ya hau, makunni ya yanke kwamfireso.

7/ Wannan kai ma za ka iya dubawa. Ka tayar da mota, ka kunna AC, ka buɗe bonet, ka leƙa daga nesa: fanka na juyawa? Hannu da bakin riga su yi nesa da ita da bel. Ka kuma dubi fuskar kondensa. Ƙurar hunturu, ƙwari da ledar fiya wata suna toshe ta. Wani lokacin wanki a hankali da ruwa mara ƙarfi ne duk maganin.

8/ Alama ta biyu: da safe lafiya lau, da inji ya ɗau zafi sai ya daina, in mota ta huce ya dawo. A nan a duba kulocin kwamfireso. Maganaɗisu ne ke janyo farantinsa, kuma ratar da ke tsakani ba ta kai milimita 1 ba. Da tsufa ratar ke faɗi, zafi kuma na rage ƙarfin maganaɗisun, sai ya kasa kamawa.

9/ Gyaran wannan sau da yawa cire siririn wosha ne guda ɗaya don ratar ta koma daidai, ko sauya koyil ɗin kuloci. Amma me ake ce wa mutane? "Kwamfireso ya mutu, sai an sa wani." A cire maka lafiyayyen kwamfireso, a sa maka ɗan Beljiyam da ba wanda ya san tarihinsa. Haba!

10/ Alama ta uku: ba shi da lokaci, haka kawai yake ɗaukewa, wani sa'in ka faɗa rami ya dawo. Wannan warin wuta yake yi: rile, fiyus, soket da ya saki, ko wayar da ta goge. A motoci da dama rilen AC iri ɗaya ne da na hon. Idan lambarsu ɗaya, a musanya su a gani. Gwajin minti biyu ne, ko sisi ba a kashewa.

11/ Alama ta huɗu: a doguwar tafiya, kamar Kano zuwa Kaduna, iska ta riƙa raguwa har ta kusa tsayawa alhali kana jin fankar ciki na kuka. Ka kashe AC na 'yan mintuna, sai ta dawo, ruwa ya yi ta zuba a ƙarƙashin mota. Ibaforeta ce ta yi ƙanƙara. A duba sensar zafinta da matatar iskar cikin mota, wadda a motoci da yawa tana bayan akwatin gaban fasinja.

12/ Tsakani da Allah, yaushe rabon da a sauya wannan matatar a motar gidanku? Akwai waɗanda ba su ma san da ita ba. A garin da ƙura ke rufe rana, ita ce ke shan duk dattin kafin ya kai huhunka.

13/ Ga wadda ta fi ba ni haushi, don masu ɗura gas ɗin ne da kansu ke jawo ta. Idan an buɗe bututun AC, dole a zuƙe iska da danshi da injin bakum, kamar minti 30, kafin a zuba gas. In ba a yi ba, danshin zai daskare a bakin bawul ya toshe hanya. Sanyi ya ɗauke, ƙanƙarar ta narke, sanyi ya dawo. Ka gane ciwon?

14/ Sannan gas yana yin yawa. Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet da ta faɗi irin gas ɗin motarka da nauyinsa da giram. Ƙananan motoci da yawa kusan rabin kilo suke ɗauka. Da sikeli ake aunawa. Idan aka cusa fiye da kima, matsi ya hau da rana, makunni ya yanke. Ka biya kuɗi an ƙara maka ciwo ke nan.

15/ Irin gas ɗin ma abin dubawa ne. Tsofaffin motoci R12 suke sha, aka daina shi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya. R134a ya maye gurbinsa. Tun 2017 kuma Tarayyar Turai ta hana shi a sabbin motoci, yawancinsu suka koma R1234yf. Ba a cakuɗa su. Gwangwanin da ba ka san asalinsa ba kuwa, akwai jabu har da masu kama wuta.

16/ Wani abu kuma: idan inji na zafi fiye da kima, kwamfutar motoci da yawa tana kashe AC da gangan don ta rage masa nauyi. Don haka in sanyi ya ɗauke, ka kalli allurar zafi. Idan ta hau, manta da AC, injinka ne ke neman ceto. Mai ɗura gas a nan kashe maka mota zai yi.

17/ Mu ma masu kai mota akwai namu. Mutum zai biya kuɗin gas ba gardama don ya ga gwangwani, amma a ce ya biya kuɗin awa ɗaya ta bincike sai ya ce "me ka yi?" Mu muka koya wa masu gyara cewa sai sun sayar da kaya za su ci abinci. Akwai ƙwararru masu tsoron Allah, kuma irin wannan halin ne ke korar su.

18/ Kar wani ya ce AC ai gata ne. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Ka tuna jariri a kujerar baya, ko Hajiya mai hawan jini, ko ɗan tasi da fasinja ke guje wa motarsa. Kuma kuɗin da ake zubarwa a gas sau uku, na cefane ne da na makaranta.

19/ In za ka kai mota, ka tafi da tambaya huɗu. Me geji ya nuna a ɓangaren sama da na ƙasa? Kwamfireso na kamawa a lokacin da sanyi ya ɗauke? In yoyo ne, a ina, nuna min. Za ka yi bakum ka auna da sikeli? Mai sana'a na gaske zai ji daɗin tambayar. Wanda ya fusata, ɗauki makullinka.

20/ Masu gyaran AC da ke nan, filin naku ne, in akwai inda ba ku yarda ba ku kawo hujja. Sauran kuma ku tura wa Baba ko yayan da ke shirin zuwa "ƙara gas" gobe, ya fara lura da lokacin da sanyin ke ɗaukewa.